Hasken Dashbod ɗin Tsohuwar Marsandi Ya Dushe: Daga Ina Za a Fara Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Marsandi 230E ƙirar 1983 da na gada a wurin mahaifina. Injinta lafiya lau yake, amma da daddare da ƙyar nake ganin allurar gudu da ta mai, hasken dashbod ɗin ya koma kamar na aci-bal-bal. Wani lokaci ma in na murɗa ɗan maɓallin ƙara haske sai ya ɗauke gaba ɗaya. Wani mai gyara ya ce in sa ƙwai masu wat 5, wani kuma ya ce LED ce magani. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ji ƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa.

Ƙwai mai wat 5 dai kada ka yarda a sa maka shi, ko da kyauta ne. LED kuwa tana da wurinta, amma a ƙarshen aiki take zuwa. Yawancin motocin nan da ake kawo mana da wannan kuka, ba ƙarfin ƙwai ne ya gaza ba. Wutar ce ke raguwa kafin ta isa ƙwan, ɗan hasken da ya fito kuma ƙura da tsohuwar roba su cinye shi kafin ya sauka a kan mita. Wanda ya ƙara ƙarfin ƙwai bai nemo waɗannan wurare biyu ba, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Motarka tana cikin jerin da kamfanin Mercedes ke kira W123, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986. Yadda ake haska mitocinta ya bambanta da na motocin yanzu. A sabuwar mota, hasken daga bayan lambobin yake ɓullowa, shi ya sa kake ganin su tar. A taka kuwa fuskar mitar fenti ce kawai, haske ba ya ratsa ta. Ƙananan ƙwai guda biyu ne a bayan akwatin mitocin, daga sama, kowanne mai wat 3. Gaban kowane ƙwai akwai wata sandar roba garai-garai da ke kwance cikin rufin akwatin, ita ke ɗauko hasken daga baya ta kawo shi gaba, ta zubo shi a kan fuskar mitoci daga sama. Wat 6 ke nan gaba ɗaya aka ɗora wa haska manyan mitoci uku. Ko ranar da ta fito daga masana'anta haskenta mai laushi ne, ba mai kashe ido ba. Saboda haka in kana sauka daga motar zamani ka shiga wannan, ka rage buri. Amma a ce mutum bai iya karanta allurar gudu, wannan lalura ce, kuma tana gyaruwa.

Akwai wani hali na ƙwan fitila mai zare da ya kamata ka riƙe, don shi ne zai bayyana maka komai. Haskensa ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa nesa ba kusa ba. In ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, hasken zai ragu da wajen kashi 30. In ya ragu da kashi 20, fiye da rabin hasken ya tafi. To ka lissafa: ɗan tsatsa a bakin fiyus ya ci rabin bolt, makunnin fitila ya ci wani rabin, abin rage haske ya ci bolt ɗaya, wayar bodi, wato wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, ta ci nata. Kowanne shi kaɗai ba a bakin komai yake ba, amma in suka taru a kan mota mai shekara arba'in da ɗoriya, ƙwan da ya kamata ya sami bolt 13 da wani abu sai ya ƙare da 10 ko 11. Zaren ya yi ja, ba ya fari.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, jira dare ya yi ka tada mota ka kunna fitilu. Dubi manyan fitilun gaba. In su ma sun dushe a sulo, sai ka taka totur su farfaɗo sosai tare da dashbod ɗin, to matsalar ta wuce dashbod, ta caji ce. Sa mitar gwajin wuta a kan batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, in kuma injin yana aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13 alhali injin na gudu, a duba bel ɗin altaneta ko ya saki, sannan a ciro ragwaletan da ke bayanta, wato abin da ke daidaita ƙarfin caji. Sukuru biyu ne ke riƙe da shi a altanetar Bosch, kuma gawayin da ke jikinsa yana cinyewa da shekaru.

Daga nan sai akwatin fiyus, wanda ke cikin bonet ta gefen direba. Motocin Jamus na wancan zamani suna amfani da fiyus mai tsini biyu, wanda ɗan siririn ƙarfensa ke kwance a waje. Fari amfiya 8 ne, ja 16, shuɗi 25. Irin wannan fiyus yana iya zama bai ƙone ba amma ba ya ba da wuta yadda ya kamata, saboda tsininsa ya yi furfura, musamman mai farin ƙarfe. Takardar da ke cikin murfin akwatin za ta nuna maka wanda ke riƙe da fitilar mita. Ni dai ba na tsayawa zaɓe, ciro su nake yi duka, in goge maƙalansu da sanfefa mai laushi, in ɗan matse waɗanda suka saki, in sa sababbi masu jan ƙarfe ko tagulla, kowanne da amfiyarsa ta asali. Aikin minti ashirin ne, kuma sau da yawa injin gilashin taga da sigina ma sai ka ga sun ƙara kuzari.

Yanzu ga inda nake zargi, kuma kai da kanka ka nuna shi a tambayarka. Wannan maɓallin da kake murɗawa, wanda in ka danna shi yake mayar da ƙaramin lissafin tafiya sifili, yana juya wani ɗan abu ne a bayan akwatin mitoci da masu gyara ke kira dima. Cikinsa siririyar waya ce da aka naɗe kamar sifirin a kan farar tangaran, da wani ɗan harshe na ƙarfe da ke goga ta. Duk wutar fitilun mita ta wannan ɗan gogi take bi. Shekara da shekaru ba a taɓa shi, laima ta shiga, ƙurar hunturu ta shiga, wayar ta yi kore, harshen ya daina kamawa. Hasken da ke ɗaukewa in an murɗa, ko yake ƙyaftawa in an faɗa rami, kusan kullum daga nan ne. Wata shaidar kuma: fitilun wurin hita da na wurin giya su ma daga dimar nan suke sha. In sun dushe tare da mitar, ko suna ɗaukewa tare, ka gama gano mai laifi. In su suna da haskensu ras mitar ce kaɗai ta dushe, to laifin yana cikin akwatin, wurin ƙwai da sandunan roba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kunna ƙananan fitilu, ka yi ta murɗa maɓallin hagu da dama, daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sau da yawa. Gogar kan kankare dattin, hasken ya dawo. Sai dai ba ya daɗewa, bayan damina ɗaya zai koma gidan jiya.

Gyara na gaskiya sai an ciro akwatin. Babu sukurun da ke riƙe da shi, wata roba ce da ta zagaye shi ta matse shi cikin dashbod. Ka cire marfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ka zura hannu sama ka turo akwatin daga baya a hankali. Akwai ƙugiyoyi biyu na siririn ƙarfe da ake zurawa ta gefe a jawo shi, amma a kan dashbod ɗin da rana ta gasa shekaru, na fi son turowa daga baya, don kada gefen ya tsage. Kada kuma kowa ya sa sukudireba ya ɓanɓaro shi ta gaba.

Abu biyu ne a nan suke jawo kuka. Na farko, cire kan batir na nagetif tukuna. Wayar agogo tana da wuta dare da rana ko da makulli yana aljihunka, kuma in bakinta ya taɓa ƙarfe, siraran layukan jan ƙarfen da ke bayan mitar mai da zafi suna iya ƙonewa nan take. Na biyu ya fi muni. Mitar da ke nuna ƙarfin baƙin mai a wannan mota ba da waya take aiki ba, ɗan siririn bututu ne ya taso daga injin ya kawo man har bayan mitar. In ka kwance shi da ƙaramin sifana, to kada a tada injin sai an mayar da shi. Wanda ya manta zai ga baƙin mai yana tsartuwa a kan kafet da ƙafafunsa. Ka cire makullin ka ba wani ya riƙe maka in ta kama. Sauran abubuwan da za ka kwance su ne wayar mitar gudu, mai noti da ake kwancewa da yatsu, da babban fulogi mai zagaye, da ƙananan ƙwayayen gargaɗi da ke jere a ƙasa. Waɗannan ka manna musu takarda ka rubuta lamba, ko ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare su, don kada fitilar birki ta koma gurbin ta caji.

Kafin ka raba akwatin da fulogin, yana da kyau a yi awo. Mayar da kan batir na ɗan lokaci, makulli a waje, ka kunna ƙananan fitilu, ƙwayayen suna cikin gurbinsu suna ci. Wannan sharaɗi ne, domin a nan masu koyo ke ruɗewa: mitar gwaji ba ta jan wuta kusan ko kaɗan, don haka ko ta cikin tsatsa za ta nuna maka bolt 12 cif in babu ƙwan da ke ci. Sai an ɗora wa layin kaya gaskiya ke fitowa. Auna a ƙafar dima ta shiga, ka auna a ta fita, maɓallin yana kan cikakken haske. Bambancin bai kamata ya wuce ɗan ƙalilan ba. In ka ga bolt ɗaya ko biyu sun ɓace tsakanin ƙafafu biyun nan, an gama shari'a. In tun a ƙafar shiga wutar ta yi ƙasa da ta batir sosai, koma baya wajen fiyus da makunnin fitila. Sannan ka sa tsinke ɗaya a ƙarfen bayan akwatin, ɗayan a kan nagetif na batir ko tsabtataccen ƙarfen bodi. Abin da za ka gani a nan ya kamata ya yi kusa da sifili. In ya haura 0.2, wayar bodi tana da magana.

Sukuru ɗaya ke riƙe da dimar. In ka ciro ta, fesa mata man wanke kayan lantarki, ka goge wayar da harshen da sanfefa mafi laushi ko magogin fensir, a hankali ƙwarai, don wayar ta riga ta tsufa, da ɗan ja sai ta tsinke. Ɗan lanƙwasa harshen ya ƙara kamawa. In wayar ta riga ta ƙone ko ta warware, zaɓi biyu ne: a nemo wata, ko a haɗe ƙafafun biyu da guntuwar waya a like da dalma, wuta ta wuce kai tsaye. Wasu masu son komai ya zauna yadda ya fito daga masana'anta ba sa son wannan. Ni ban ga aibinsa ba matuƙar ƙwai mai zare za ka ci gaba da amfani da shi, tunda ko a cikakken haske bai kai ya dami ido ba, kuma fiyus yana nan yana gadin layin. Abin da na ƙi shi ne a jawo sabuwar waya daga batir ko daga makulli ba fiyus, wai an yi gajeren hanya. Da irin wannan ake tashin gobara a bayan dashbod.

In ka tarar da dimar a ƙone ƙurmus, ba tsatsa kaɗai ba, tambayi kanka ko an taɓa canja rediyon motar. A bayan rediyo akwai wata waya ta hasken dashbod, wadda in fitilu suna kashe take yi wa mai gwaji kama da wayar bodi, saboda tana zagayawa ta cikin ƙwayaye ta koma ƙarfe. Mai sa rediyo da rana tsaka sai ya ɗaura nagetif ɗin rediyon a kanta, rediyo ya yi waƙa, kowa ya tafi gida. Da magariba direba ya kunna fitila, layin ya haɗu da bodi, dima ta gasu. In ba a gyara wannan ba, sabuwar da ka saya ma haka za ta bi. A motocin Jamus wayar bodi ruwan ƙasa ce, ita za a nema.

Wayoyin nan masu ruwan ƙasa suna taruwa a kan wani noti a bayan inda akwatin ke zama, da an ciro shi za ka hango su. Kwance notin, goge kawunansu da ƙarfen da suke kwanciya a kai har ya yi ƙyalli, ɗaure tam. Alamar raunin wannan wuri ita ce allurar zafi ko ta mai ta ɗan yi tsalle daidai lokacin da ka kunna fitila. Ƙarin waya ɗaya daga ƙarfen bayan akwatin zuwa wannan noti ba ta da illa, kuma takan kashe ƙananan rigingimu da yawa.

Sai ƙwayayen. Murɗa gurbinsu kaɗan ka zaro. Ɗaga ɗaya ka duba shi a hasken rana: in gilashin ya yi duhu ko ya yi kamar madubi, zaren ne ya yi ta ƙonewa yana manne wa gilashin daga ciki. Yana ci, amma rabin haskensa a kulle yake. Ƙila ma ka tarar ɗaya ya mutu tuntuni, da ƙwai guda kake ta fama. Sa sababbi masu bolt 12 wat 3, waɗanda ake rubuta W3W a jikinsu ko a kwalinsu. Ka karanta da idonka, domin mai wat 5, W5W, gindinsu ɗaya ne sak, yana shiga gurbin ba gardama, kuma shi ya fi yawa a shaguna tunda shi ake sa wa fitilar lamba da ta gefe. Fiye da kashi 90 na wutar da ƙwai mai zare ke ci zafi take zama. Daga wat 3 zuwa 5 ƙarin kashi biyu cikin uku ke nan na zafi, a cikin ɗan ramin roba da iska ba ta shiga. Makon farko mai mota zai yi murna. Bayan 'yan watanni bakin sandar robar ya narke, ya yi ruwan ƙasa, ya tattare, hasken ya koma ƙasa da yadda yake tun farko, kuma wannan karon ba ƙwan da zai dawo da shi.

Don haka ka leƙa ramin da tocila. In bakin sandar garau yake, ka yi sa'a. In ya narke, wani ya riga ya yi maka wancan aikin a baya, sai dai neman wani kwandon akwatin wurin masu tsofaffin kayan mota, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka je da tocilarka ka haska ta ramin ƙwan, ka ga hasken ya fito ta gaba kafin ka biya.

Tunda akwatin yana kan tebur, kwance sukurorin baya ka ciro mitocin uku ka ajiye su fuska sama. A nan za ka ga ƙurar shekaru ta kwanta a kan sandunan da cikin gilashin, farin da ke kewaye da hanyar hasken kuma ya koma rawaya. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ban da fetur, ban da tina, ban da sifirit, suna sa robar ta yi hazo ko ta tsattsage. Inda farin ya dafe, shafa farin fenti marar ƙyalli, amma kada ya taɓa bakin sandar ta inda haske ke shiga ko fita. Fuskar mitocin kuwa busasshen burushi mai taushi kawai, domin fentin lambobin yana bin jiƙaƙƙen tsumma, sawun yatsa ma ba ya fita. Allurai asalinsu ruwan lemo ne mai haske, rana ce ke mayar da su fari-fari. Zura takarda a ƙarƙashin allurar, ka shafa mata fenti ruwan lemo siriri da ƙaramin burushi, ba tare da ka cire ta ba. Mutane suna raina wannan, alhali allurar ce ido ke nema da daddare, ba lambobin ba.

In an yi duk wannan har yanzu kana son ƙari, to LED ta shigo. Amfaninta a fili yake, haske mai yawa, zafi kaɗan, sandar roba ta huta. Amma sai an zaɓa. Nemi gajera, wadda tsawonta bai wuce na ƙwan asali ba, mai watsa haske ta gaba da gefe, don mai harba haske wuri ɗaya takan bar gefen mita da duhu. Launi kuma ka ɗauki fari mai ɗumi, wajen 3000K a ma'aunin launin haske. Mai 6000K shuɗi-shuɗi take, tana kashe ruwan lemon allurai, kuma a ganina ba ta dace da motar 1983 ba sam. Yawancinsu suna da fuska ɗaya: in ka sa ba ta kama ba, juya ta kafin ka ce ta mutu. In ka sa LED, dimar asali ba za ta iya rage haske sosai ba, saboda aikinta ya dogara da yawan wutar da ƙwai ke ja, LED kuwa ɗan kaɗan take ja. In ka bar sauran ƙwayayen wurin hita masu zare za ta ɗan yi aiki. In kana son ragewa ta sosai, akwai ƙaramar dima ta lantarki da ake kira PWM da ake sa wa a madadinta. Kada ka ɗauki wannan da wasa in kana tafiyar dare a hanyar da babu fitilun titi, dashbod mai tsananin haske yana hana ido ganin nesa, ga shi yana dawowa a gilashin gaba.

Ƙwai ɗaya ne ba a taɓawa ko kaɗan: jar fitilar caji mai hoton batir. Altanetar motar nan ta cikin zaren wannan ƙwai take samun 'yar wutar da take fara caji da ita. In aka sa masa LED, wutar da ke wucewa ba ta isa ba, sai ka tada mota ta ƙi caji har sai an taka totur da ƙarfi, wani lokaci ma ta ƙi gaba ɗaya. Ka bar shi da irin ƙwansa na asali da wat ɗinsa.

Mai Fijo 504 da ke karanta wannan, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, siffar akwatinsa daban ce, amma tsarin binciken ɗaya ne: caji, fiyus, abin rage haske in akwai, wayar bodi, ƙwai, ƙura.

Wajen mayarwa, haɗa fulogi da wayar agogo da bututun mai da wayar gudu, amma kada ka tura akwatin ciki tukuna. Mayar da kan batir, rufe gilashin gaba da bargo ko ka jira duhu, ka gwada hasken da sigina da duk fitilun gargaɗi. Sannan tada injin, ka sa farin tsumma a ƙarƙashin notin bututun na minti biyu ko uku. In tsumman ya fito a bushe, shafa ɗan ruwan sabulu a robar gefen akwatin, ka tura shi da tafin hannu biyu ta gefe da gefe, ba ta kan gilashin ba.